Yadda Ake Rage Iskar Metan Daga Tumbin Shanu da Ƙarin Abinci na Tsirrai

Masu kiwo da ɗaliban aikin gona sun sha aiko mini da tambaya iri ɗaya: an ce akwai ganyaye da mai da ciyawar teku da ake zuba wa shanu a abinci su rage iskar metan, to wanne za a nema, nawa za a zuba, kuma ba zai cutar da dabba ba? Ga amsar nan, a jere yadda aikin yake tafiya.

Abin da za ka riƙe kafin mu fara kaɗan ne. A tumbi ake yin metan. Wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani ne ke haɗa iskar haidurojin da ta kabon da ke tashi yayin da ciyawa ke narkewa, sai metan ta fito. Fiye da kashi 90 cikin 100 ta baki da hanci take fita, wato gyatsa. Tana tafiya da kashi 2 zuwa 12 cikin 100 na ƙarfin abincin da saniya ta ci, kuma a cikin shekara 100 kilo ɗaya nata yana ɗumama duniya kamar kilo 27 ko 28 na iskar kabon.

Metan ba ta da launi, ba ta da wari. Ba za ka taɓa ganin ta ragu da idonka ba. Abin da kake gani shi ne komi, da tuƙa, da kashi, da madara, da ƙibar dabba, kuma da su za ka yi hukunci. Duk abin da ya hana saniya cin abinci zai rage metan, har da cuta. Irin wannan ragi asara ne, kuma a nan yawancin masu gwadawa suke faɗawa.

Kayan aiki

Sikeli babba na ratayawa don auna ciyawa, da ƙarami mai auna giram. Tef ɗin awo. Littafi da biro. Baho ko daro na haɗawa, da shebur. Bokiti mai murfi mai rufuwa sosai. Fenti ko alamar kunne don bambance shanu. Safar hannu da takunkumin hanci. Sai lambar likitan dabbobi, wadda ya kamata ta kasance a hannunka tun ranar farko.

1. Duba ko tsarin kiwonka ya dace

Ƙari yana aiki ne muddin yana cikin tumbi. Shanun turke da na madara da ake zuba wa abinci a komi safe da yamma su ne suka fi dacewa, domin kowace loma tana shiga da ƙarin. Shanun da ke yini a makiyaya, a ba su ɗan abinci sau ɗaya da dare, ƙari mai ƙarfi zai yi musu aiki na 'yan sa'o'i ne, sannan tumbi ya koma yadda yake. Su hanyarsu ita ce ganyaye masu bauri da za su ci suna kiwo, da ɗan iri mai mai da yamma.

Gargaɗi: cire waɗannan daga gwajin farko. Maruƙan da ba su fara tuƙa sosai ba, dabba marar lafiya, saniyar da ke gab da haihuwa ko wadda ba ta yi mako uku da haihuwa ba, da bijimin da kake ajiye don barbara.

2. Gyara abincin asali

Mutane ba sa son wannan mataki saboda babu sabon kwali a cikinsa, amma tasirinsa babba ne. Saniyar da ke cin tsohuwar ciyawa da ta yi kara tana daɗewa tana tuƙa, abinci yana daɗewa a tumbi, metan tana tashi, madara kuwa ba ta zuwa. Saniya mai ba da lita 12 a rana tana fitar da metan fiye da mai ba da lita 3, amma in ka raba da yawan madarar za ka ga mai lita ukun ce ta fi ɓarna nesa ba kusa ba.

Saboda haka a yi maganin tsutsar ciki da kaska. Ruwa ya wadata. A sa gishirin lasa mai sinadarai. A yanke ciyawa kafin ta yi fure. Furotin a abinci kada ya gaza kashi 7 cikin 100, domin ƙasa da haka ƙwayoyin da ke narkar da ciyawa su kansu yunwa suke ji. Saniyar madara tana buƙatar ninkin haka ko fiye. Ba wa wannan gyara mako biyu zuwa uku ya zauna kafin ka ƙara komai.

3. Auna saniyar, ka auna abincinta

Duk adadin ƙari ana lissafa shi ne a kan busasshen nauyin abinci, wato nauyinsa bayan an cire ruwan da ke ciki. Wanda bai san wannan lamba ba, ƙiyasi kawai yake yi.

In babu sikelin dabbobi, zagaya tef a ƙirji, bayan ƙafafun gaba kaɗan, ka rubuta santimita. Sannan auna tsayin jiki daga tsinin kafaɗa zuwa ƙashin da ke gefen gindin wutsiya. Ninka awon ƙirji da kansa, ka ninka da tsayin, ka raba da 10,840. Ƙirji 160 da tsayi 130 suna ba da kusan kilo 307. Ba daidai yake cif-cif ba, amma ya isa aiki.

Saniya tana cin busasshen abinci kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na nauyinta a rana. Mai yawan madara takan wuce haka. Mai kilo 400 ke nan tana cin kusan kilo 10.

Don sanin ruwan da ke cikin abincinka, auna giram 100 na ɗanyar ciyawa, ka busar da ita a rana ko a tanda mai sanyin wuta, kana aunawa har nauyin ya daina sauka. In giram 22 ya rage, busasshen nauyinta kashi 22 ne. Ɗanyar ciyawa takan faɗa tsakanin 15 da 30, busasshiya da hatsi da dusa tsakanin 85 da 90.

Kuskuren da aka fi yi: a ga an rubuta "kashi 2 cikin 100" a jikin buhu, sai a lissafa a kan kilo 40 na ɗanyar ciyawa maimakon kilo 10 na busasshenta. An ninka adadin sau huɗu ke nan, kuma a ganye mai bauri ko ciyawar teku wannan ya isa ya kwantar da dabba.

4. Zaɓi ƙari ɗaya

Ɗaya tak. In ka haɗa uku kuma saniya ta ƙi abinci, ba za ka san mai laifin ba.

*Iri mai mai.* Angurya, waken suya, 'ya'yan sanfulawa, kanola, irin filas, kwakwa. Wannan shi nake ba wa mai farawa shawara a kai, domin hujjarsa ta fi yawa, ana samunsa kusan ko'ina, kuma abinci ne da kansa. Mai ba ya ruɓewa a tumbi ya ba da haidurojin, kuma yana danne ƙwayoyin metan da ƙananan halittun da suke raɓa a jikinsu. Idan aka tattara gwaje-gwaje, duk ƙarin mai na kashi 1 cikin 100 na busasshen abinci yana rage metan da kamar kashi 4 zuwa 5 cikin 100. Iyakarsa a bayyane take: jimillar mai a abinci kada ta wuce kashi 6 zuwa 7, kuma ka tuna abincin da kansa ya riga ya zo da kashi 2 zuwa 3.

Cikakken iri ya fi tsiyayayyen mai lafiya, saboda a hankali yake sakin mansa. Tsiyayayyen mai in ya yi yawa yana lulluɓe zaren ciyawa, narkewa ta ragu, maiƙon madara ya faɗi. Angurya ba ta buƙatar niƙa. Kanola da filas kuwa sai an farfasa su, in ba haka ba yadda suka shiga haka za su fito a kashi. Tunkuzar da aka tatse man da injin zamani furotin ce mai kyau, amma ba ta da man da za ta yi wannan aiki.

Gargaɗi: angurya tana da gubar gosifol. Babbar saniya tana jure ta, amma kada angurya ta wuce kashi 15 cikin 100 na busasshen abinci, kada a ba maruƙa, kuma tana iya lalata maniyyin bijimi. Ɗanyen waken suya kada a haɗa shi da abincin da ke da yuriya, domin yana fasa ta nan take ta zama guba. 'Ya'yan zurma da na bini-da-zugu suna da mai sosai, amma kisa suke yi. Kada ma a gwada.

*Ganyaye da ɓawo masu bauri.* Sinadarin da ke sa bauri shi ake kira tanin, wanda ake jeme fata da shi. Yana cikin ganyen itatuwan kiwo irin su lusina da kaliyandira, ciyawar desmodiyum, 'ya'yan bagaruwa, tukar inabi da aka matse, da garin da ake cirowa daga ɓawon itacen Acacia mearnsii ko itacen kebiraco na Kudancin Amurka. Tanin yana takura wa ƙwayoyin metan, yana kuma kama furotin ya hana shi lalacewa a tumbi. Wannan kamun shi ne amfaninsa, shi ne kuma haɗarinsa. In furotin ya wadata a abinci, tanin yana sa ya isa hanji a amfana da shi, yana rage kumburin ciki, yana rage tsutsa. In abincin dama ba shi da furotin, ɗan abin da ke ciki ma sai tanin ya ɗaure shi ya fita a kashi, saniya ta rame tana ci.

A wani gwaji da aka yi a Ostireliya, aka buga a 2009, an ba shanun madara tanin na Acacia mearnsii a matakai biyu. Metan ta ragu da kashi 14 da kuma kashi 29, amma madara ma ta ragu. In gari ne, tsaya tsakanin kashi 1 da 2 cikin 100 na busasshen abinci. Daga kashi 4 zuwa 5 cin abinci da narkewa ke fara faɗuwa. In ganye ne, ka fara da kashi 10 na abincin, kada ka wuce 30.

Gargaɗi game da lusina: tana da gubar mimosin. Wasu shanu suna da ƙwayar da ke karya ta a tumbinsu, wasu ba su da ita. Ostireliya sai da aka kai wannan ƙwaya daga awakin Hawayi a shekarun 1980 kafin kiwon lusina ya bunƙasa a jihar Kwinsland. Ɗauka cewa naka ba su da ita har sai ka ga sun yi makonni suna ci lafiya. Itacen kuma yana bazuwa da sauri, a riƙa sassabe shi kafin ya zubar da iri.

*Man ƙamshi na tsirrai.* Na tafarnuwa, kanumfari, kirfa, koriyanda, ɓawon lemo. A kwalbar ɗakin gwaji suna abin mamaki. A cikin saniya mai rai ragin ƙarami ne, kuma sau da yawa ƙwayoyin tumbi suna sabawa da su bayan 'yan makonni. Haɗin Agolin na ƙasar Suwizalan, wanda ake ba da giram 1 ga saniya a rana, nazarin da ya tattara gwaje-gwajensa a 2020 ya nuna ragin kusan kashi 9 cikin 100, shi ma sai bayan an yi kamar mako huɗu ana bayarwa. Mootral haɗin tafarnuwa ne da sinadarin lemo. In za ka bi wannan hanya, sayi haɗaɗɗe mai rajista. Daka tafarnuwa a gida ana zubawa ba ya ba da adadi tsayayye, warinta yana iya shiga madara, kuma tafarnuwa da albasa masu yawa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin shanu.

*Jar ciyawar teku.* Asparagopsis ce ake yawan magana a kanta, kuma da dalili. Tana ɗauke da sinadarin buromofom da ke toshe matakin ƙarshe na haɗa metan. A gwajin hukumar binciken kimiyya ta Ostireliya, CSIRO, na 2020, kashi 0.2 cikin 100 na abinci ya rage metan da kashi 98 a shanun turke. A Jami'ar Kalifoniya da ke Debis, ƙungiyar Farfesa Ermias Kebreab ta samu ragin kusan kashi 80 a 2021 lokacin da hatsi ya fi yawa a abinci, amma da ciyawa ta fi yawa ragin bai wuce kusan rabi ba. Ga ɗaya gefen kuma. A gwajinsu na shanun madara na 2019, kashi 1 cikin 100 ya rage metan da kashi 67, amma cin abinci ya faɗi da kashi 38, madara ta ragu da kusan kashi 12. Wani dogon gwaji a kan shanun Wagyu, wani jinsin shanun nama, a Ostireliya ya samu kashi 28 kawai, kuma shanun ba su yi ƙiba kamar sauran ba. Tana ƙara aidin a madara, kuma wani bincike a Jami'ar Wageningen ta Holan ya ga rauni a bangon tumbin wasu shanun da aka ba.

Ra'ayina: wannan ta babban turke ce mai injin haɗa abinci da masanin abincin dabbobi. Kada ka ɗebo ciyawa a bakin teku ka shanya ka zuba. Yawancin ire-irenta ba su da buromofom, wasu kuma suna tara gishiri da aidin da gubar asenik. Ka kuma tabbatar dokar ƙasarka ta amince da kayan kafin ka sayar da madara ko nama.

*Sauran.* Tsirrai masu kumfa irin yuka da 'ya'yan shayi suna rage metan kaɗan, sannan tasirin ya dushe. Garin gawayi an yi ta yabonsa, amma gwaje-gwaje a kan shanu masu rai a Kanada da Amurka ba su ga ragi ba. Ruwan ɓawon yazawa da aka sarrafa ana amfani da shi a Japan. Ɗanyensa yana ƙona baki da fata. A 2020 kamfanin sayar da abinci na Burger King ya yi tallar cewa giram 100 na ciyawar lemongiras a rana yana rage metan da kashi ɗaya cikin uku, masana da dama suka ce hujjar ba ta kai ba tukuna. Bovaer da za ka ji ana ambata, mai rage kusan kashi 30 a shanun madara, haɗin masana'anta ne, ba tsiro ba.

Duk mai sayarwa, yi masa tambaya uku. A kan shanu masu rai aka gwada ko a kwalba? Mako nawa aka yi? Me ya faru da cin abinci da madara? Wanda ya kasa amsa ta uku, bar masa kayansa.

5. Lissafa adadin kowace saniya

Mu ɗauki saniyar nan mai cin kilo 10. Kashi 1 cikin 100 na abincinta giram 100 ne. Daga nan komai ke fita.

Kana son ƙara mai kashi 3, wato giram 300. Angurya tana da mai kusan kashi 18 zuwa 20, don haka kilo 1.5 zai ba ka giram 270 zuwa 300. Lura cewa kilo 1.5 shi ne kashi 15 na abincin, ka kai iyaka ke nan. Wannan kilo 1.5 maye gurbin wani ɓangare na dusa ko hatsi zai yi, ba ɗori ba ne a kai. Garin tanin a kashi 1.5 giram 150 ne. Busasshen ganyen lusina a kashi 20 kilo 2 ne, wanda a ɗanye zai kai kilo 6 zuwa 7. Asparagopsis a kashi 0.25 giram 25 ne, amma ita takardar mai sarrafa ta za ka bi, domin ƙarfin buromofom ya bambanta daga buhu zuwa buhu.

In ka ƙara mai, ƙara kalsiyam da maganiziyam kaɗan a gishirin lasa, saboda mai yana ɗaure su a ciki.

6. Raba shanun gida biyu

Gani ya kori ji. Zaɓi shanu masu kusan nauyi ɗaya da shekaru ɗaya, masu madara kuma waɗanda suka haihu kusan lokaci ɗaya. Raba su biyu, ko da biyar-biyar ne. Rukuni ɗaya za su samu ƙarin, ɗayan a bar su a kan abincin da aka saba. Kada ka zuba ƙosassun a rukunin ƙari, yaudarar kai ce.

Kafin ka fara, yi kwana 7 zuwa 14 kana rubuta abin da aka zuba, abin da ya rage a komi da safe, da madarar kowace saniya. Zuba yadda kullum za a bar ɗan saura, kamar kashi 5. Komin da aka lashe tas ba ya gaya maka ko sun ƙoshi. Auna ƙirji ranar farko, da safe kafin su ci.

7. Haɗa shi ya gauraya

Giram ɗaya ba ya rabuwa a cikin kilo goma in ka watsa kai tsaye. Haɗa shi da tafi ɗaya na dusa, ka juye a kilo ɗaya ka motsa, sannan ka juye wannan a sauran abincin. Mai kuma a cuɗa shi da dusa har ya ɓace, sannan a haɗa da ciyawa. Raba adadin rana gida biyu, safe da yamma.

Kowace babbar saniya ta samu fili a komi kamar santimita 60 zuwa 75. In wuri ya yi kaɗan, mai ƙarfi za ta ture sauran ta cinye rabon uku, ita ta kwanta, su kuma ba su samu komai ba.

Gargaɗi: kada a ɗura wa saniya mai ko man ƙamshi ta baki da kwalba. In ya bi ta huhu, ciwon da zai biyo baya da wuya a shawo kansa. Kada kuma a zuba a ruwan sha, domin in ta ƙi ɗanɗanon za ta daina shan ruwa. Sa safar hannu da takunkumi lokacin auna gari da man ƙamshi.

8. Shigar da shi a hankali

Ƙwayoyin tumbi suna buƙatar mako biyu zuwa uku su saba da sabon abinci. Kwana huɗu ko biyar na farko a ba da rubu'in adadin, sannan rabi, sannan kashi uku cikin huɗu, sannan cikakke. Ba a hawa mataki na gaba sai komi ya nuna ana ci kamar da. Kada ka canza ciyawa ko hatsi a wannan lokaci, kuma kada ka fara a makon rigakafi ko na jigila.

9. Sa ido kowace rana

Komi ne farko. In cin abinci ya faɗi da fiye da kashi 10 cikin 100 kwana uku a jere, koma matakin baya. In bai dawo ba, dakatar.

Sai tuƙa. Sa'a biyu bayan cin abinci, rabin shanun da ke kwance ko fiye ya kamata su kasance suna tuƙa. Danna dunƙulen hannu a kwarin da ke gefen hagu bayan haƙarƙari. Tumbi mai lafiya yana motsi sau ɗaya ko biyu a minti.

Kashi yana faɗin gaskiya. Mai ruwa-ruwa yana ƙyalli, da dogayen zaren ciyawa a ciki, mai ya yi yawa. Busasshe mai tauri, wani lokaci da majina, tanin ya yi yawa. Ɗanɗana madarar, ka shinshina ta, ka lura ko maiƙonta ya ragu.

Waɗannan alamu kuwa ba a jira: zubar gashi musamman a jelar wutsiya da dalalar miyau a mai cin lusina, fitsari ja ko baƙi-baƙi da farin dasashi a mai cin tafarnuwa, haki da kasala a mai cin angurya, kumburin gefen hagu a kowacce. Cire ƙarin nan take, a ba da busasshiyar ciyawa da ruwa, a kira likita.

Ci gaba da gwajin mako 8 zuwa 12. Na mako biyu ba ya nuna komai, tunda wasu ƙarin sai bayan wata suke fara aiki, wasu kuma a lokacin tasirinsu ke dushewa.

10. Ajiya

Iri mai mai a ajiye shi a bushe, a kan katako, nesa da bango. Wanda ya yi fumfuna a zubar, domin gubar afulatoksin tana ratsa saniya ta fito a madara ta isa ga yara. Kada ka farfasa fiye da na mako ɗaya. Man da ya sha iska yana ɓaci, shanu su ƙi shi. Ganye a shanya a inuwa. Buromofom kuwa tashi yake yi: a wani gwaji a Jami'ar Jihar Fensilbaniya, garin ciyawar tekun ya rasa mafi yawan ƙarfinsa cikin 'yan watanni a ajiye. Shi ya sa wasu kamfanoni ke jiƙa ta a cikin mai. A rufe ta ruf, a wuri mai sanyi da duhu, a kuma duba ranar da aka sarrafa ta kafin a biya kuɗi.

11. Yi lissafin riba da na metan

Kuɗin ƙari na saniya ɗaya a rana shi ne farashin kilo a ninka da adadin da take ci, a haɗa da sufuri da niƙa da ladan aiki, a cire kuɗin dusar da ya maye gurbinta. Gefe guda kuma ka rubuta bambancin madara ko na nauyi tsakanin rukunin biyu, ka mayar da shi kuɗi. Iri mai mai da ganyen furotin su ne suka fi yiwuwar biyan kansu. Man ƙamshi kuɗinsa kaɗan ne a rana, amfaninsa ma haka. Ciyawar teku ta fi su duka tsada.

Auna metan kai tsaye aikin cibiyoyin bincike ne, da rufaffen ɗakin da ake sa saniya a auna numfashinta, ko na'urar GreenFeed mai auna shi yayin da take ci. Kai ƙiyasi za ka yi. Saniya mai cin ciyawa tana fitar da kusan giram 20 zuwa 21 na metan a kan kowane kilo na busasshen abinci. Tamu mai kilo 10 ke nan giram 200 a rana, kilo 73 a shekara. In angurya ta rage kashi 12, ka hana kusan kilo 9 fita, daidai da kusan kilo 240 na iskar kabon. Rubu'in tan ke nan a shekara ga saniya ɗaya.

Riƙe wannan lamba in wani ya zo maka da maganar kuɗin kabon, wato kuɗin da ake biya a kan iskar da ka hana fita. Da tan ake sayarwa, kuma tsare-tsaren da ake bi, irin na hukumar Verra mai tantance ragin iskar kabon, suna neman kayan da aka tabbatar, da rubutaccen bayanin kowace rana, da mai bincike daga waje da sai an biya shi. Ƙaramin garke ba ya ɗaukar wannan nauyi shi kaɗai sai ta ƙungiya ko ta kamfanin da ke sayen madara. Karanta yarjejeniyar ka ga wa ke biyan kuɗin ƙarin, kuma wa zai mallaki ragin, kafin ka sa hannu.

12. Faɗaɗawa ko dakatarwa

In bayan mako 12 rukunin ƙari suna ci kamar sauran, madara ko nauyi bai faɗi ba, lissafi kuma ya tashi, shigar da sauran garken rukuni-rukuni, kowanne da nasa makonnin sabo. A wannan lokaci ne za ka iya gwada ƙari na biyu a kan na farko, misali ganyen tanin a kan angurya, da sabon rukunin kwatance.

Tabbatar da hanyar samun kayan kafin ka faɗaɗa, domin metan tana komawa yadda take cikin 'yan kwanaki da daina bayarwa. In za ka daina iri mai mai, rage shi cikin mako guda kana mayar da dusa ko hatsin da ya maye, don kada madara ta faɗi. In kuma kaya ya yanke maka fiye da mako ɗaya, ranar da ya dawo daga rubu'i za ka sake farawa.